Akawal ɗin da aka ce ba ya jin linzami

Dokin akawal ne, namiji, ɗan kimanin shekara 5, irin dawakinmu na Arewa masu matsakaicin tsayi da siririn kai. Wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Jos ne ya sayo shi a kasuwar Maigatari bayan ɗaukewar damina, aka kafa masa turke a bayan gida, can wajen Rikkos. Ayyuka uku aka nufe shi da su: kilisa da yamma, hawan Sallah a Bauchi inda Alhajin ke bin tawagar hakimin garinsu, da kuma koyon ƙwallon dawaki, domin ɗansa matashi ya ƙwallafa rai a kan wasan. Daga baya aka ƙara masa na huɗu, wato bayar da shi haya ga samari a hawan angwanci, don ya riƙa rage wa mai shi kuɗin harawa da dusa. Duk mai doki a Jos ya san nauyin wannan ciyarwar.

Waɗanda suka je sayen sun shaida cewa lafiyayyen doki ne. Mai sayarwa ya hau shi a gabansu, ya juya shi hagu da dama, ya sake shi da gudu, ya tsayar da shi ba gardama. Amma kafin sanyin hunturu ya wuce, sunansa ya ɓaci a unguwa. Da an nufo shi da linzami sai ya cilla kai sama ya datse haƙora, har sai yaron barga ya taka turmi kafin hannunsa ya kai bakin. In an hau, yana tafe yana kaɗa kai, baki a buɗe, wani lokaci harshe ya haye saman ƙarfen ya leƙo ta gefe. Dama yana juyawa ba laifi, hagu kuwa sai an yi kokawa. Abin da ya fi tayar wa Alhaji hankali shi ne tsayawa: in an ja kamazuru, maimakon ya sassauta sai ya miƙe wuya ya ƙara mai.

Yadda aka yi ta ƙara masa ƙarfe

Linzamin farko da aka sa masa a Jos ya zo ne cikin gwanjon kayan folo, wato ƙwallon dawaki, da Alhaji ya saya a dunƙule tare da sirdi. Irin wanda 'yan folo ke kira sinaful ne: sandar ƙarfe mai gaɓa ɗaya a tsakiya, da zobe a kowane gefe inda ake ɗaura kamazuru. Faɗinsa inci 5½. Da shi dokin ya fara kaɗa kai da ƙin juyawa hagu.

Aka ce ai wannan linzamin yara ne, ba zai riƙe dokin Arewa ba. Sai aka aro Felam, mai ƙafafu biyu da suka sauko ƙasa da baki da sarƙa da ke zagaye haɓa. Da kamazuru biyu ake aiki da shi, amma yaron barga bai san haka ba. Ya ɗaura guda ɗaya a zoben ƙasa, ya maƙale sarƙar a murɗe, ya matse ta iyakar matsewa. Doki ya yi biyayya ta kwana biyu, sannan ya koma gidan jiya, har ya ƙaro sabon hali na ja da baya in an taɓa kamazuru.

Daga nan aka je kasuwa aka sayo linzamin gargajiya, wanda aka ƙera da guntun rodi, mai dogon harshen ƙarfe a tsakiya da zobe da ke shiga ƙarƙashin muƙamuƙi. Da shi aka fita wani hawan angwanci ta wajen titin Bauchi. Saurayin da ya hau ya so ya yi zamiya a gaban jama'a, ya fizgi kamazuru da hannu biyu. Doki ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ya tafi da shi ƙasa. Allah ya taƙaita, targaɗe kawai saurayin ya samu a hannu. Da aka zare linzamin, kumfar bakin dokin ja ce.

A nan ne aka neme ni, tunda horar da dawaki ne sana'ata. Alhaji bai ɓoye abin da ke ransa ba.

"Malam, dokin nan mugun hali gare shi. Linzami uku mun sa masa, bai ji ko ɗaya ba. Ka nemo mini mai saye tun bai kashe ɗan mutane ba."

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a bari likita ya duba bakinsa tukuna. In ya duba bai ga komai ba, ni da kaina zan kawo mai saye."

Abin da aka gani a cikin bakin

Jos ba ta rasa likitocin dabbobi ba, ga Vom nan kusa da cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke can tun 1924. Wanda muka kira ya saba da dawaki. Ya yi wa akawal allurar da ta kashe masa jiki, ya sa ƙarfen buɗe baki, ya wanke ragowar dusa da ruwa, ya haska tocila.

Wanda bai taɓa leƙa bakin doki ba yakan ɗauka haƙori linzami ke kamawa. Ba haka ba ne. Tsakanin haƙoran gaba da na tauna akwai giɓi da ba haƙori, in ban da fiƙa da ke fitowa maza a shekara 4 zuwa 5. A wannan giɓin ƙarfe ke kwanciya, a kan harshe da kan dasashin muƙamuƙin ƙasa. Likita ya kama yatsan Alhaji ya ɗora shi a wurin ta ɓangaren dama, inda ba ciwo.

"Alhaji, danna. Me kuka ji?"

"Ƙashi ne, Likita. Har da kaifi-kaifi."

"To fatar da ke kansa ba ta fi wadda kuka taɓa ba. Babu tsoka a wurin. A nan duk ƙarfin hannun mahayi ke sauka."

Sannan ya mayar da yatsan ɓangaren hagu. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, da tsaga mai tsawon kan yatsa wadda gefenta ya yi fari. Duk da allurar da ke jikinsa, dokin ya zabura.

Raunukan da muka ƙirga ba su zo a hargitse ba. Kowanne ana iya cewa ga linzamin da ya yi shi. Kusurwoyin leɓe biyu sun tsage sun yi ɓawo, wannan aikin sinaful ne. Da muka auna bakin da sumul ɗin kara, muka sa alama a inda leɓe ya tsaya ta kowane gefe, inci 4½ muka samu. Ke nan an sa masa ƙarfen da ya fi bakinsa da inci guda cur. Linzamin da ya yi wa baki yawa ba ya zama wuri ɗaya. Duk lokacin da aka ja gefe guda sai sandar ta zame ta cikin bakin tana gurzar leɓe, gaɓar tsakiya kuma ta sauko ƙasa tana lilo, har doki ya samu hanyar haye ta da harshe. In an ja da hannu biyu, sandar ta lanƙwashe, gaɓar ta tashi wajen ganda, gefunan kuma su matse muƙamuƙi. Ba abin mamaki ba ne a samu irin wannan girman a gwanjo. Ƙwallon dawaki ta fara a Legas a 1904, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bunƙasa ta a Arewa. Irin wannan girman na dawakin waje ne, masu faɗin baki. Dokinmu na gida bakinsa ƙarami ne.

Ƙarƙashin haɓa gashi ya kwashe, fata ta yi ja, wannan sarƙar Felam ce. Ganda ta yi taruwar jini daidai inda harshen ƙarfe ke dukanta, dasashin hagu kuma ya tsage, waɗannan biyun na linzamin kasuwa ne. Da na shafa shi da yatsa, sai na ji har yanzu da sauran tsinin walda a gindin harshen, ba a ko goge shi ba.

Sai dai duk wannan bai bayyana dalilin ƙin hagu ba, wanda ya fara tun linzamin farko. Likita ne ya gano shi. A muƙamuƙin sama ta hagu, dab da haƙorin tauna na farko, akwai wani ɗan ƙaramin haƙori mai tsini, bai kai ƙwayar masara ba. Ba kowane doki ke da shi ba, yana fitowa tun doki na dukushi, kuma ba ya tauna komai da shi. Amma yana zaune ne daidai inda linzami ke komawa in an ja. Duk jan hagu, ƙarfe ya tura naman kumatu kan tsinin. Bayan shi kuma gefen haƙoran tauna na sama ya yi kaifi, ya yi wa cikin kumatu gyambo. Likita ya yi wa Alhaji bayanin cewa haƙoran doki ba sa daina fitowa, milimita 2 zuwa 3 suke ƙaruwa a shekara, tauna ce ke cinye su. Tunda muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, ba ko'ina ke gogar juna ba, sai gefen waje na sama da gefen ciki na ƙasa su yi kaifi. Dokin da ke ɗaure a turke yana cin dusa da dawa ya fi mai kiwo a fili saurin kamuwa da wannan, domin bai cika doguwar tauna ba.

Wato tun ranar farko dokin yana faɗin abin da ke damunsa da kaɗa kai. Doki dabba ce da Allah ya yi ta da gudu in ta ji ciwo, ba ta tsayawa ta yi tunanin daga ina ciwon ya fito. Shi ya sa jan da aka yi don ya tsaya shi ne yake ƙara masa gudu. Wannan ne abin da ke ba ni takaici a harkar dawaki a garin nan: kowa ya iya cewa a ƙara ƙarfe, ƙalilan ne ke cewa a buɗe baki a duba. Taurin bakin da muke zargin dawaki da shi, mafi yawa mu ne muke yin sa. Dasashin da aka yi ta ji wa ciwo yana warkewa da tabo, jinsa ya ragu, wani lokaci ƙashin da ke ƙasa ya yi tsiro, sai a ce doki ya lalace.

Likita ya cire ɗan haƙorin, ya goge kaifin da magagari, ya yi allurar rigakafin tatanos domin dawaki na da saurin kamuwa da shi. Ya ce mako uku kada ƙarfe ya shiga bakin. A riƙa jiƙa dusa, a wanke baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa basilin a kusurwar leɓe.

Zaɓen linzami

Cikin makonnin nan da ragama kaɗai muka yi aiki da shi, da farko a ƙasa, daga baya a hau a cikin fili mai shinge. Abin da aka koya masa ɗaya ne: in ya ji ja ya sassauta, nan take a sakar masa. Sakin shi ne ladansa, kuma shi ne darasin. Mun haɗa da murya da zaman mahayi, a ce masa ya tsaya, a zauna daram cikin sirdi, sannan hannu ya biyo baya. Da bakin ya huta, sai ga shi yana tsayawa da igiya a hanci, dokin da aka ce ƙarfe uku sun gaza. Ɗan Alhaji da ya ga haka ya tambaye ni ko a bar shi da ragamar kawai. Na ce a cikin shinge ba laifi, amma ba a titin Jos ba, cikin Keke Napep da babura.

Duk yawan sunayen linzamai, gida biyu ne. Akwai wanda kamazuru ke ɗaure daidai da sandar baki, abin da hannu ya ja shi ne abin da baki zai ji, ba ƙari. Wannan gidan sinaful ne, yana aiki a kan harshe da dasashi da leɓe, kuma shi ya fi dacewa da koya wa doki juyawa, domin kowane hannu da gefensa yake magana. Akwai kuma mai ƙafafu, wanda kamazuru ke ɗaure a ƙasa da baki. In an ja, ƙafafun su juya, sandar ta danna ƙasa, sarƙa ta kama haɓa, madaurin kai ya danna ƙeya. Aikinsa irin na ƙarfen da mai faci ke ɓamɓare taya da shi ne, iya tsawonsa iya ƙarfinsa. In ƙafar ƙasa ta ninka ta sama uku, ɗan jan da yaro ya yi zai isa bakin dokin ninki uku ko fiye. Felam da linzaminmu na gargajiya duk 'yan wannan gidan ne.

Don kilisa da horo na zaɓa masa sinaful, amma ba irin na farko ba. Mai gaɓa biyu, da ɗan guntun ƙarfe sumul a tsakiya wanda ke kwanciya a kan harshe, ba ya tashi ya soki ganda. Zobbansa kafaffu ne, ba masu zamewa cikin rami ba, domin masu zamewar kan cije leɓe, shi kuwa leɓensa bai daɗe da warkewa ba. Faɗi inci 4¾, yadda zai bar ɗan sarari kaɗan ta kowane gefe. A kan kauri mun ɗan yi ja-in-ja da Alhaji, don ya ji ana cewa mai kauri ya fi taushi. Gaskiya ne siririn ƙarfe ya fi yanka, amma bakin dokin nan ba shi da fili, harshensa ya cika shi. In aka cusa masa mai kauri ba zai iya rufe baki ba. Milimita 14 muka tsaya. Samun wannan girman a Jos ya yi wuya, sai daga Kaduna aka aiko da shi.

Ɗaurawa ma rabin aikin ce. Na nuna wa yaron barga yadda zai ja madaurin kai har sai kusurwar leɓe ta yi lanƙwasa ɗaya ko biyu, kada ya yi sama ya yage baki, kada ya yi ƙasa ya riƙa bugun fiƙa. Ga kuma wani abu da ya shafi garinmu musamman. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma duk wanda ya taɓa ƙarfe da asuba a watan Disamba ya san abin da nake nufi. Na ce wa yaron barga, "Ɗana, kafin ka sa masa, riƙe shi a tafin hannunka ko ka sa a hammata har ya yi ɗumi. In kun dawo ka wanke shi, kada busasshiyar dusa ta kwana a jiki, gobe ita za ta gurje masa leɓe." Ranar da aka fara mayar masa da ƙarfe ya ɗaga kai kamar da. Yaron bai taka turmi ba, ya tsaya ya jira, ya zura babban yatsa cikin giɓin har dokin ya buɗe baki da kansa.

Batun ƙwallon dawaki ya zo daga baya. A wasan, sanda na hannun dama dole, kamazuru duka na hagu, kuma a cikin minti 7 na kowane zagaye doki zai tsaya ya juya ba adadi. Don haka 'yan wasa suka fi amfani da Felam ko kuma wanda suke kira gag, wanda igiyar kansa ke ratsa zobban ta yadda in an ja ƙarfen zai hau sama cikin baki. Abokan ɗan Alhaji sun ba shi shawarar gag saboda shi suka ga manyan 'yan wasa na sawa. Na hana. Gag ɗaga kai yake yi, ya dace da dokin da ke sunkuyar da kai yana jan hannun mahayi ƙasa. Akawal kuwa matsalarsa kai a sama. Felam muka koma, amma mai gajerun ƙafafu da miƙaƙƙiyar sanda mara gaɓa, da kamazuru biyu yadda aka yi shi: na sama don yawancin aiki, na ƙasa sai in da buƙata. Sarƙar a murɗa ta har ta kwanta lafe, a bar sararin yatsu biyu tsakaninta da haɓa, yadda ba za ta kama ba sai ƙafafun sun juya kimanin digiri 45. Wannan tazarar ita ce gargaɗin da doki ke samu kafin matsi ya iso. Ita ce yaron barga ya kashe lokacin da ya matse sarƙar. Kuma na sa sharaɗi, ɗan Alhaji ba zai taɓa Felam ba sai ya iya zama a sukuwa ba tare da ya rataya a kan kamazuru ba.

Linzamin gargajiya

A nan ne muka fi daɗewa, kuma a nan ne na saɓa da likita. Shi ra'ayinsa a jefar da linzamin gargajiya gaba ɗaya. Alhaji kuwa ya ce ba zai shiga tawagar hakimi da jalala da layu da dukan kayan ado ba, sannan a bakin dokinsa a ga ƙarfen Turawa. Na fahimci kowannensu, amma ban yarda cewa laifin na ƙirar ba ne.

Linzami mai zobe tsohon abu ne. Irinsa ake hawa da shi a Maroko da sauran Arewacin Afirka, daga can ya shiga Sifen, har ya haye zuwa Meziko. An yi shi ne don mahayin da hannunsa ɗaya ke riƙe da mashi ko takobi, a kan dokin da ke sanye da lifidi, wanda dole ya tsaya cak a cikin gudu. Zoben na maƙale a saman harshen ƙarfen, ya zagayo muƙamuƙin ƙasa, shi ke yin aikin sarƙa. In an ja, harshen ya tashi wajen ganda, zoben ya kama muƙamuƙi. Ƙarfinsa ba na wasa ba ne, shi ya sa ba a yi shi don a riƙa ja ba. Ka lura da dattawan mahaya a hawan Daushe: kamazuru a sake yake, yana lilo. Da jiki da ƙafa da ɗora igiya a wuya suke juya doki, in za a yi zamiya hannu ya ɗan ɗaga, shi ke nan. Dokin da aka hora tun yana ƙarami ya san nauyin ƙarfen, motsinsa kaɗai ya ishe shi. Wannan linzami a hannun saurayin da bai taɓa hawa ba sai ranar bikin abokinsa, wanda in ya ji zai faɗi kamazuru yake cafka, shi ne masifar.

Mun kai linzamin kasuwar wurin wani dattijon maƙeri da ya gaji ƙirar kayan doki. Ya juya shi a hannu, ya shafa gindin harshen, ya girgiza kai.

Na ce, "Baba, ku duba mana, ko zai gyaru?"

"Wannan ba maƙeri ya yi shi ba, mai walda ne. Wa ya auna dokin?"

"Ba wanda ya auna, Baba. A rataye aka gan shi aka saya."

"Mu a da sai an kawo doki ƙofar maƙera, mun ga bakinsa, mun sa hannu a haɓarsa. Zoben nan ya yi masa kaɗan, ko ba a ja ba yana matse shi. Harshen kuma na ingarma ne. Ku bar wannan, in yi muku wani."

Wanda ya ƙera ya rage tsawon harshen sosai, ya faɗaɗa kansa ya lanƙwasa shi yadda ba tsini, ya buɗe zoben har yatsu biyu na shiga tsakaninsa da haɓa, ya goge ko'ina sumul. Muka kai wa baduku ya naɗe ƙasan zoben da taushin fata. Ta waje ba ka bambanta shi da na sauran dawakin hawa, adonsa na nan. Likita ya duba, ya ce har yanzu ya fi ƙarfin abin da zai so, amma bai hana ba, bisa sharaɗin a bari dasashin hagu ya gama warkewa, kuma kada kowa ya hau da shi sai Alhaji. Na goyi bayan wannan sharaɗin, domin Alhaji tun yana yaro yake hawa, hannunsa a kwance yake.

Inda aka kwana

Maganar haya ita ce ta fi wuya, don kuɗi ne. Na gaya wa Alhaji gaskiya cewa duk abin da muka gyara, hawan angwanci ɗaya da baƙon hannu zai iya rushe shi. Bai ji daɗi ba, ya ce to wa zai sayi harawa? Muka tsaya a tsakiya: in za a bayar, da sinaful za a fita, yaron barga na riƙe da ragama yana tafe a gefe, ango ya zauna a yi masa hoto, babu sukuwa, babu zamiya. Samari da dama sun fasa ɗauka da suka ji haka, kuɗin shiga ya ragu, kuma Alhaji yakan tuna mini da hakan in mun haɗu.

Dokin yanzu yana karɓar linzami ba tare da cilla kai ba, yana tsayawa, kumfar bakinsa fara ce. Hagu bai kai dama laushi ba har yanzu, kuma in ka shafa dasashin wurin za ka ji ɗan tudu a kan ƙashin, wanda likita ya ce mai yiwuwa ya zauna ke nan. Saboda wannan tudun, duk bayan hawa yaron barga na ɗaga leɓe ya duba wurin, in ya ga ja a huta da ƙarfe a koma ragama. Likita zai dawo goge haƙora bayan shekara. Ɗan Alhaji na buga ƙwallo a filin atisaye da sinaful, bai kai ga Felam ba tukuna. Linzamin Baba maƙeri kuwa Alhaji zai fara gwada shi a cikin shinge kafin azumi, kaɗan-kaɗan, kuma abin da dasashin ya nuna a lokacin ne zai yanke ko da shi za a je Bauchi ko da sinaful a ƙarƙashin kayan ado.